Ciwon Sukari da Tazarar Haihuwa: Tambayoyin Mata da Amsoshinsu

Mace mai ciwon sukari ta saba da lissafi: awon jini da safe, yawan ƙwaya, adadin insulin, ranar komawa asibiti. Lissafi ɗaya ne ake yawan tsallakewa, wato na ɗaukar ciki. Likitan sukari yana ganin maganar ta sashen mata ce, ma'aikaciyar tsarin iyali kuma da ta ji an ce "ina da suga" sai ta ja baya, matar ta koma gida hannu rabbana. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ita ce macen da ta fi kowa buƙatar ta san lokacin da ciki zai shiga. Amsoshin da ke ƙasa don ki shiga ɗakin likita da saninki ne, zaɓin ƙarshe kuma a can za a yi shi, bayan an duba jikinki.

Ina da ciwon sukari. Zan iya amfani da hanyar hana ɗaukar ciki kuwa?

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Ko nau'i na 1 gare ki ko na 2, ko insulin kike yi ko ƙwaya kike sha, akwai hanyar da ta dace da ke.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ta fara fitarwa a 1996, tana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci, wanda ya auna kowace hanya da kowace lalura ya ba ta mataki daga 1 zuwa 4. Mataki na 1, a yi amfani babu shamaki. Na 2, amfanin ya rinjayi haɗarin, a yi. Na 3, haɗarin ya rinjayi amfanin, kada a yi sai in babu wata mafita. Na 4, kada a yi ko kaɗan. Ga macen da sukarin bai taɓa mata jijiyoyin jini ba, duk hanyoyin da ake da su a mataki na 1 ko na 2 suke. Ƙofa tana fara tsukewa ne idan ciwon ya yi ɓarna a ido, ƙoda, jijiyoyi ko zuciya, kuma ko a nan ɗin hanyoyi biyu ne kawai suke fita daga lissafi: allura da hanyoyin da ke ɗauke da sinadarin istirojin.

Me ya sa ake matsa wa mai sukari ta tsara ciki fiye da sauran mata?

Saboda abin da ke faruwa a makonnin da ba ta ma san tana da ciki ba. Zuciyar ɗan tayi tana fara harbawa wajen kwana 22 bayan shigar ciki. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa wajen kwana 28. Ki ɗauki matar da al'adarta ta makara da mako biyu, tana duba kalanda tana cewa bari in ƙara ba shi kwana biyu ko zai zo. A daidai wannan lokacin an kusa kammala wancan gini, kuma an yi shi ne da irin jinin da ke jikinta a waɗannan kwanaki. Idan sukarin ya yi sama sosai, haɗarin ɓari yana ƙaruwa, haka ma na nakasar zuciya da ta laka. Gyaran da za a yi a wata na uku yana da amfani matuƙa, amma ba ya komawa baya ya sāke abin da ya riga ya ginu.

Abin farin ciki shi ne wannan haɗari yana sauka idan sukari ya sauka. Gwajin da ake kira HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya, duk sun ba da shawarar a yi ƙoƙarin kai shi ƙasa da kashi 6.5 cikin 100 kafin ɗaukar ciki, muddin hakan ba zai riƙa jefa mace cikin faɗuwar sukari ba. NICE ta ƙara da cewa wadda nata ya haura kashi 10 ta dakata da neman ciki har sai ya sauko.

Sai kuma maganar magunguna. Da yawa daga cikin masu sukari suna shan maganin hawan jini ko na kare ƙoda irin su lisinopril, enalapril da losartan, waɗanda ke iya cutar da ɗan tayi. Magungunan rage kitsen jini irin su atorvastatin ma akan dakatar da su. Duk waɗannan sai an sauya su kafin ciki. Ciki kuma yana iya tsananta lalurar ido da ta ƙoda ga wadda ta riga ta fara. Don haka hana ɗaukar ciki a wurin mai sukari wani ɓangare ne na shirin haihuwa: ya ba ta watannin da za ta gyara jini, a sauya magani, a duba ido, sannan ta nema da ƙarfinta.

Me za a duba kafin a ce ga wadda ta dace da ni?

Ba lambar da na'urarki ta nuna yau da safe ba ce take yanke hukunci. Lafiyar jijiyoyin jininki ake tambaya. Shekara nawa da fara ciwon, ya haura 20? An taɓa ce miki ya taɓa bayan ido? Akwai furotin a fitsari ko raunin ƙoda? Ƙafafunki suna mutuwa ko suna zafi kamar ana soka allura? Yaya hawan jini? Kina shan taba? Kin haura shekara 35? Kina da ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido? An taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki?

Ranar da za ki je, ki zuba duk magungunanki a jaka da kwalayensu, har da waɗanda kike ganin ba su da alaƙa da maganar, ki haɗa da sakamakon gwajinki na baya-bayan nan. Kuma kada ki yarda a miƙa miki ƙwaya ba a auna jininki ba.

To wace hanya ce ta fi?

In ra'ayina ake tambaya, robar mahaifa da ashanar fata su ne a gaba, kuma ga dalili. A cikin mata 100 da ke amfani da ɗayansu tsawon shekara, ƙasa da mace 1 ce ke ɗaukar ciki. A yadda mutane ke amfani da sauran hanyoyin a zahiri, da mantuwa da makara da komai, allura tana kufce wa kimanin mata 4 cikin 100, ƙwaya kimanin 7, kororon roba kimanin 13, azalu kuwa kimanin 20. Macen da ta riga tana ɗauke da nauyin tuna magani sau biyu ko uku a rana, hanyar da ba ta buƙatar tunawa rahama ce gare ta. Sannan dukkansu biyu babu istirojin a cikinsu, shi ne kuwa sinadarin da ake jin tsoro ga jijiyoyin jini. Wani bincike da aka buga a mujallar Diabetes Care a 2017, wanda ya bi bayanan mata masu sukari fiye da 146,000 a Amurka, ya gano cewa toshewar jijiya ba ta da yawa a tsakanin masu amfani da hanyoyin homon, wato masu sinadari irin wanda jikin mace ke sarrafa al'ada da shi, gaba ɗaya, kuma ta fi ƙaranci ga masu robar mahaifa da ashanar fata.

Duk da haka, hanyar da ta fi a takarda ba ta da amfani idan zuciyarki ba ta kwanta da ita ba. Wadda za ki iya zama da ita, ita ce taki.

An ce mai suga ba ta sa robar mahaifa, wai tana jawo ciwon sanyi. Gaskiya ne?

Tsohuwar fargaba ce, kuma bincike bai goyi bayanta ba. An gina ta ne a kan cewa masu sukari sun fi saurin kamuwa da cuta, sai aka ɗauka duk abin da aka sa a mahaifa zai zama matattarar ƙwayoyin cuta. Abin da aka gani shi ne ɗan haɗarin da ke akwai yana cikin kwana 20 na farko bayan sawa, kuma yawanci daga cutar da mace ta riga ta zo da ita a bakin mahaifa yake tasowa. Shi ya sa ake tambaya ko a duba kafin a sa.

Iri biyu ce. Mai jan ƙarfe babu homon a cikinta ko kaɗan, ba ruwanta da sukari, ba ruwanta da hawan jini, tana aiki shekara 10 zuwa 12, kuma tana mataki na 1 ga kowace mai sukari komai nisan ciwonta. Aibinta shi ne tana iya ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman a watannin farko. Wannan yana da wani reshe da ba a cika faɗa ba: ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe yana iya sa sakamakon HbA1c ya fito sama da gaskiyarsa. Idan al'adarki ta yi nauyi bayan sa roba, ki sanar da likitan sukarinki ma.

Ɗayar kuma mai homon ce, irin su Mirena, tana sakin wani homon mai suna furojestin kaɗan-kaɗan a cikin mahaifa, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. Tana rage jinin al'ada sosai, wasu ma ya ɗauke musu gaba ɗaya, tana kuma aiki shekara 3 zuwa 8 gwargwadon irinta. Tana mataki na 2. Ga mace mai ƙiba da sukari nau'i na 2, wadda al'adarta ke yin watanni ba ta zo ba, tana da ƙarin alheri, domin tana hana bangon mahaifa yin kauri fiye da ƙima.

Ashanar fata fa? Ina tsoron rauni, kin san mu ciwo ba ya saurin warkewa.

Tsoronki yana da tushe, amma raunin ƙarami ne. Za ki kwanta ki lanƙwasa hannun da ba kya yawan aiki da shi, a goge cikin damtse, a yi allurar kashe zafi, sannan a tura ɗan sanda mai laushi kamar tsinken ashana a ƙarƙashin fata. Minti kaɗan an gama, babu ɗinki. A manna filasta, a naɗe da bandeji na kwana ɗaya, wurin ya ɗan yi shuɗi ya baje. Ki bar shi a bushe na 'yan kwanaki, kada ki yi allurar insulin ko ki manna na'urar awon sukari a daidai wurin. Idan ya yi ja, ya kumbura ko ya fara ruwa, ki koma.

Implanon sanda ɗaya ce ta shekara 3, Jadelle sanda biyu ce ta shekara 5. Mataki na 2 suke ga duk masu sukari, har da waɗanda ciwon ya taɓa musu ido ko ƙoda. Abin da ya fi sa mata cire ta shi ne rikicewar al'ada: ɗigo-ɗigo, ko ta daɗe, ko ta ɗauke. Ba alamar cuta ba ce, kuma akwai maganin da ake bayarwa ya lafa, don haka ki fara kai kuka kafin ki yanke shawarar cirewa.

Na fi sabawa da allurar wata uku. In ci gaba?

A nan ne nake so ki ɗan tsaya. Allurar Depo-Provera da 'yar'uwarta Sayana Press, da ake yi duk mako 13, ba su da istirojin, sai mata da yawa su ɗauka babu wata damuwa. Amma furojestin ɗin da ke cikinsu yana da yawa idan aka kwatanta da na ashana ko na roba. Yana iya rage kitsen jini mai amfani wanda ke kare jijiyoyi, yana iya ƙara nauyi, yana rage ƙarfin ƙashi muddin ana yi, kuma da zarar an yi allurar ba a iya janye ta, sai ta ƙare da kanta.

Idan sukarinki bai yi ɓarna a ko'ina ba, tana mataki na 2, kina iya ci gaba tare da lura da nauyinki da awon jininki. Idan kuwa ya taɓa ido, ƙoda ko jijiyoyi, ko ya haura shekara 20, ko hawan jininki ya kai 160 bisa 100, ta koma mataki na 3, gara a sauya. Haka hukuncin yake ga allurar wata biyu, Noristerat.

Wani abu kuma: bayan allurar ƙarshe, mace takan ɗauki kimanin wata 10 kafin ciki ya shiga, wasu fiye da haka. Ba ta hana haihuwa har abada, amma wadda ke son ta saita ciki da lokacin da sukarinta ya daidaita, wannan jinkiri yana rikita mata lissafi.

Ƙwayar da ake sha kullum fa?

Kala biyu ce, kuma ya kamata ki san wadda ke hannunki. Mai haɗi tana ɗauke da istirojin da furojestin. Istirojin yana ƙara wa jini saurin daskarewa, yana kuma iya ɗaga hawan jini. Mace mai ƙananan shekaru, wadda ba ta shan taba, jininta lafiya, idonta da ƙodarta lafiya, tana iya sha, mataki na 2 ne. Amma da zarar an samu lalurar ido, ƙoda ko jijiyoyi, ko ciwon ya wuce shekara 20, sai ta faɗa mataki na 3 ko na 4 gwargwadon tsananin abin. Ciwon kai mai walƙiya a ido, tarihin gudan jini, shanyewar ɓarin jiki, hawan jini na 160 bisa 100, duk waɗannan mataki na 4 ne. Ko hawan jinin da magani ya riƙe shi daidai, mataki na 3 ne. Filastar da ake mannawa a fata da zoben da ake sawa a gaba su ma suna da istirojin, hukuncinsu ɗaya da ƙwayar.

Ɗaya kalar furojestin ce zalla, kuma tana mataki na 2 ga kowace mai sukari. Ita matsalarta lokaci. Tsohuwar irin, idan kika makara da fiye da awa 3, kariya ta yi rauni. Mai desogestrel tana ba da rangwamen awa 12. Akwai sabuwa mai drospirenone, wadda ke iya ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, don haka mai raunin ƙoda ko mai shan lisinopril da danginsa kada ta fara ta sai da sanin likita.

Waɗannan hanyoyi za su ɗaga min sukari?

Robar mahaifa mai jan ƙarfe da kororon roba, ko kusa. Masu homon suna iya ɗan rage yadda jiki ke amsa insulin, amma ga yawancin mata canjin bai kai a sauya magani ba. Allura ce ta fi nuna tasiri. Ki ƙara yawan awo a watanni biyu ko uku na farko, ki rubuta, in an ga ya motsa a gyara adadin magani. Masu yin insulin da yawa sun riga sun san sukarinsu yakan hau a kwanakin da ke gaban al'ada, wasu ma sukan ga ya fi daidaita idan hanyar da suka zaɓa ta kwantar da wannan hawa da sauka.

Magungunana ba za su kashe ƙarfin maganin hana cikin ba?

Insulin da metformin ba sa kashe shi. Amma akwai uku da nake so ki riƙe sunansu.

Tirzepatide, allurar sukari da rage ƙiba da ake sayarwa da sunan Mounjaro, yana jinkirta fitar abin da ke cikin tumbi, har ya rage yadda ƙwayar hana ciki ke shiga jini. Masu yin sa sun ce mai shan ƙwaya ta koma hanyar da ba ta baki ba, ko ta haɗa da kororon roba na mako 4 bayan farawa, da wani mako 4 duk lokacin da aka ƙara adadi. Sai rifampicin na tarin fuka, cutar da ta fi kama masu sukari fiye da sauran jama'a. Sai carbamazepine, maganin farfaɗiya da wani lokaci ake bayarwa don zafin jijiyoyi. Waɗannan biyun suna sa hanta ta ƙone homon da sauri, su raunana ƙwaya da ashanar fata. Amma ba sa raunana allurar wata uku da robar mahaifa.

Amai da gudawa ma abin lura ne. Idan kika yi amai cikin awa 2 da shan ƙwaya, ki ɗauka ba ki sha ba. Wadda metformin ke yawan ɓata mata ciki, ko wadda sukari ya taɓa mata jijiyoyin tumbi har abinci yana daɗewa bai sauka ba, ƙwaya ba ita ce abin dogaronta ba.

Al'adata ba ta zuwa daidai, na daɗe ban samu ciki ba. Ina buƙatar wani abu kuwa?

Kina buƙata, idan ba ciki kike nema yanzu ba. Sukarin da bai daidaita ba yana rikita al'ada, kuma mata da yawa masu nau'i na 2 suna da lalurar nan ta ƙananan ƙuraje a ma'ajiyar ƙwai, mai hana ƙwai fita a kan kari. Sai mace ta yi shekaru ta saki jiki. Ranar da aka ɗora ta a kan metformin ko pioglitazone, ko ta rage nauyi, ƙwai yana iya dawowa ba sallama, kuma yana fita ne kafin jinin da zai sanar da ita. Wato a lokacin da kika fara samun sauƙi, a lokacin ne ya kamata ki fi kiyayewa.

Kororon roba, azalu da ƙirga kwanaki ba su isa ba?

Babu ɗayansu da ke taɓa sukari, wannan gaskiya ne. Kororon roba kuma shi kaɗai ne ke kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, don haka yana da gurbinsa ko da kina kan wata hanya. Amma ki koma ga alƙaluman da ke sama. Idan HbA1c ɗinki yana sama, ko kina shan maganin da ke cutar da ɗan tayi, kuskuren 13 ko 20 cikin 100 ya yi yawa.

Ƙirga kwanaki yana aiki ne ga wadda zagayowar al'adarta ke tsakanin kwana 26 zuwa 32 kowane wata, masu sukari da yawa kuwa ba haka tasu take ba. Ki kuma sani cewa man shafawa da maganin matsi na ƙaiƙayin gaba, wanda masu sukari ke yawan fama da shi, suna iya raunana robar kororon har ya fashe.

An yi kuskure jiya. Zan iya shan maganin gaggawa?

Ki sha, kada ki jira. Ciwon sukari ba ya hana shi. Levonorgestrel miligiram 1.5 ya fi aiki cikin awa 72, ulipristal yana kaiwa awa 120, kuma da wuri ya fi. Ga mace mai ƙiba sosai ƙarfinsu yana iya raguwa, musamman na farkon. Abin da ya fi su duka shi ne a sa robar mahaifa mai jan ƙarfe cikin kwana 5, ta yi maganin na jiya ta kuma zauna ta yi na shekaru. Idan maganin ya sa ki tashin zuciya kika kasa cin abinci, ki riƙa awo akai-akai, kada ki bar insulin.

Sukarin ciki kawai na yi, ya tafi bayan na haihu. Wannan maganar ta shafe ni?

Ta fuskar zaɓi, duk hanyoyin a mataki na 1 suke gare ki, sai dai ƙa'idojin da suka shafi kowace mai jego. Amma kada ki ɗauka an rabu. Kimanin rabin matan da suka yi sukarin ciki suna kamuwa da nau'i na 2 daga baya. Ana so a gwada ki tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan duk shekara 1 zuwa 3, kuma lalle kafin ki nemi wani cikin. Abin da ake gudu shi ne ki shiga ciki na gaba da sukarin da ba ki san ya dawo ba.

Ina shayarwa. Shayarwar ba ta isa kariya ba?

Tana isa idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi, kwanika kuwa ga mai sukari ba ƙaramin abu ba ne, domin jiki bai huta ba, ido da ƙoda ba su farfaɗo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin.

Ana iya sa ashanar fata tun kafin a sallame ki. Robar mahaifa ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa, in ya wuce sai bayan mako 4. Ƙwaya mai istirojin ba ta mai shayarwa ba ce a mako 6 na farko, kuma an fi so a jinkirta ta har wata 6. Shayarwa tana jan sukari ƙasa, don haka mai yin insulin ta ajiye abin da zai ɗaga shi a kusa da inda take ba da nono, musamman da dare.

Mun gama haihuwa. In ɗaure mahaifa?

Abin da ake ɗaurewa bututun da ƙwai ke bi ne, mahaifa tana nan, al'ada ma tana nan. Hanya ce mai ƙarfi, amma tiyata ce, kuma ana so sukari ya daidaita kafin a yi don rauni ya warke lafiya. A ɗauke ta a matsayin wadda ba a warwarewa. Ɗaure bututun maniyyi na maigida ya fi sauƙi da ƙarancin haɗari, ba ya taɓa ƙarfinsa, sai dai yana ɗaukar wata 3 kafin ya fara aiki. Idan akwai ko ɗigon shakka a ranki, robar mahaifa tana ba da kariya kusan iri ɗaya, kuma ana cire ta ranar da aka so.

Na haura 40. Yaushe zan daina?

Idan al'ada ta ɗauke da kanta kafin ki kai 50, ki ci gaba da kariya na shekara 2 bayan jinin ƙarshe. Idan bayan 50 ne, shekara 1. Mai amfani da hanyar homon ba za ta iya dogara da ɗaukewar jini ba, sai ta yi shawara da likita. A waɗannan shekaru, sukari da hawan jini da shekaru sukan taru wuri ɗaya, shi ya sa akan sauke mace daga istirojin.

Waɗanne alamu ne za su sa in garzaya asibiti?

Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani da ba ki saba da shi ba, gani ya dushe farat ɗaya, baki ya karkace, ko hannu ya mutu. Mai shan ƙwaya mai istirojin ta dakatar da ita nan take ta tafi. Mai robar mahaifa kuma, zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani ko ruwa mai wari.

Yanzu ina son ciki. Ta ina zan fara?

Ki fara da likitan sukari tun hanyar tana jikinki. A gwada HbA1c, a duba bayan ido, a gwada ƙoda, a sauya magungunan da ba su dace ba. Mai amfani da semaglutide, maganin sukari da rage ƙiba, ana so ta daina shi aƙalla wata 2 kafin ciki. Ki fara shan folik asid, bitamin mai kare ɗan tayi daga nakasar ƙwaƙwalwa da laka, tun kafin ki daina kariya. NICE ta ce mai sukari ta sha miligiram 5 kullum har ciki ya kai mako 12, wanda ya ninka na sauran mata sau fiye da goma. Sai lambobi sun yi kyau sannan a cire roba ko ashana, domin da su da ƙwaya haihuwa tana dawowa nan da nan, ciki yana iya shiga a watan farko.

Na gwada na ga ina da ciki, ban shirya ba, sukarina kuma yana sama. Me zan yi?

Ki kwantar da hankalinki. Haɗari ya ƙaru, amma mafi yawan jariran da aka ɗauki cikinsu a irin wannan hali lafiya ake haifarsu, kuma duk kwanan da kika gyara yana da amfani. Ki nemi ganin likita a cikin wannan makon, kada ki jira lokacin da aka saba fara awon ciki. Kada ki daina insulin ko metformin da kanki, barin sukari ya yi sama ya fi su illa nesa ba kusa ba. Ki daina ƙwayar hana ciki, shan da kika yi kafin ki sani ba ya nakasa jariri. Idan robar mahaifa na jikinki, a duba da hoto a tabbatar cikin yana cikin mahaifa. Ki fara folik asid yau, ki ɗauki jakar magungunan nan gaba ɗaya ki kai, a ware waɗanda za a tsayar, a kuma ba ki ranar duba ido da ta hoton zuciyar jariri wajen mako 20.